Mako bakwai da Inna ta yi a gidanmu

Ranar da Inna ta iso, hazo ya rufe Kano har ba ka hango ƙarshen layinmu. Tsakiyar Janairun 2023 ne. Baban Ummi ya tafi 'Yankaba tarbo ta, ni kuwa tun asuba nake share-share da goge-goge kamar wadda duba-gari zai zo wa. Na wanke labule, na canja zanin gado, na tattara kayan wasan yara na cusa a bayan kujera. Wadda nake yi wa duk wannan hidimar ba ta ma gani sosai, yana ta rufe mata ido ɗaya ruf, ɗayan kuma sai dishi-dishi. Aikin idon ne ma ya kawo ta. Amma uwar miji uwar miji ce, ko da lalube take tafiya.

Shekara takwas da aurenmu, ba ta taɓa kwana biyu a jere a ɗakina ba. In na haihu gidanmu nake tafiya wanka a Gwale, ita kuma ta zo ranar suna ta juya da la'asar. Mu ne muke zuwa ƙauyen, can gaba da Gezawa, washegarin Sallah, in durƙusa in gaishe ta, a ci abinci, kafin magariba mun kamo hanya. Iyakar sanin da na yi mata ke nan.

Da aka fara sauke kaya daga adaidaita sahu sai da maƙwabta suka leƙo. Rabin buhun gero, ƙullin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa cike da tsohon gwangwanin madara, man shanu a kwalba, ƙuli-ƙuli, goruba, ga kaji biyu an ɗaure musu ƙafa. Mu kuwa gidan haya muke a Hotoro, ciki biyu da falo, a saman bene. Na yi godiya har ƙasa. Da ta shiga banɗaki na naɗe gwangwanin daddawar nan a leda biyu na tura shi can ƙuryar sito, a raina ina cewa yarana ba su saba da wannan warin ba.

Yaran uku ne. Ummi, mai sunan Innar, tana da shekara bakwai a lokacin, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan. Sai namijin, ɗan shekara huɗu, sai jaririya 'yar wata huɗu. Inna na zama ta miƙa hannu tana laluben iska, ta ce, "Ina maigidan nawa? Zo ka ba ni kuɗin cefane, na zo ke nan." Yaro ya ƙwalla ƙara ya shige bayan zanina. Ta juya wajen Ummi, "Ke kuma kishiya, an ce kin fi ni kyau, matso in shafa in ji." Ummi ta tsaya ƙiƙam ta gaishe ta da Turanci, irin gaisuwar da suke yi wa malamai. Inna ta ce, "Me ta ce? Zagina ta yi ko?" Aka yi dariya, ni dai tawa ta yaƙe ce. Da dare na zo rufa wa yaron bargo, ya riƙe hannuna ya ce, "Mami, da gaske ni ne mijinta? Ni ba na so." Yarana suna jin Hausa sarai, amma wasan jika da kaka ba su san shi ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Mun ɗauka mako biyu za ta yi. Da aka kai ta asibitin ido a Sabon Gari aka auna jininta, sai aka ce ya hau, ba za a taɓa idon ba sai ya sauka. Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce a rage mata gishiri, a dawo. Zama ya kama.

A nan na yi kuskuren da sai daga baya na gane kuskure ne. Na mayar da ita ƙwai a cokali. Ta tashi za ta ɗauki tsintsiya, in ce "Inna ki bari." Ta ji jaririya na kuka ta yunƙura, in riga ta. Abinci kuwa a tire nake kai mata har ɗaki, shinkafa da miya, soyayyen dankali da ƙwai, shayi mai kauri, in rufe da ɗan kyalle mai ado. Yara na ja musu kunne, kar wanda ya dami Inna, ba ta da lafiya. Sai ta wuni a bakin gado, carbi a hannu, 'yar rediyonta a kan cinya, tana murɗawa daga Freedom zuwa Rediyon Kano, da yamma ta kamo BBC. Tiren yakan dawo kusan yadda ya tafi. Ni a ganina babu surukar da ta kai ni ladabi a duk faɗin Hotoro.

Inna ba ta faɗa wa mutum magana kai tsaye. Ko ɗanta ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai "yaron nan". In tana da saƙo, jaririya take ba wa. Wata rana ina kicin na ji ta tana yi mata rawa a cinya, tana cewa, "Ke 'yar nan, ni da ke duk ɗaya muke a gidan nan. A ba mu mu ci, a ce mu kwanta. Ke ma kin fi ni, ke in kin yi kuka ana ɗaukarki a zaga da ke." Ludayi na hannuna na tsaya. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, mutum ya kashe kansa da hidima, sakayyar ke nan? Na kai ƙara wurin Baban Ummi da dare, ya ce, "Ki yi haƙuri, tsufa ne," ya juya ya yi barcinsa. Maza dai.

Rigimar gaske a kan ruwa aka yi ta. Tun zuwanta take tambaya ko an ba yarinya ruwa, ni kuma ina kewaye-kewaye, don a wurin awo an nanata mana nono zalla har wata shida, ko ɗigon ruwa kar a ba da. Ma'aikaciyar ta yi mana bayani cewa nonon kansa yawancinsa ruwa ne, wanda yake fara fitowa shi ke kashe ƙishi, ruwa kuwa cika wa jariri ciki yake ya rage tsotso, kuma ta nan gudawa take samun hanya. Wata azahar na fito daga wanka na tarar Inna ta kwantar da yarinyar a cinya, ga kofi, ga ƙaramin cokali, tana laluben bakinta da yatsa. Ban san lokacin da na fizge ta ba. Na ce, "Inna, an hana!" da muryar da ban taɓa yi mata magana da ita ba.

Ta ajiye cokalin a hankali. Ta ce, "Leɓenta ya bushe, hunturu ake. Bakwai na haifa, duk da ruwa na raine su." Ta ɗan yi shiru. "Biyar suka tsaya." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ce komai ba. Na shige ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, rabi na tsoro, rabi na kunyar abin da na yi wa tsohuwar da ko fuskar jikarta ba ta gani.

Washegari da sassafe na ji ana ƙwanƙwasa mini ƙofa. Inna ce, Ummi na riƙe da hannunta. Ta ce, "Uwar Ummi, tunda ta wurinki take sha, to ke za ki sha. Ina geron da na zo da shi? A samo mini kanwa." Ban isa in ce ta zauna ta huta ba, bakina ya mutu tun jiya. Na ɗauko mata kujera 'yar tsugunno na ajiye a ƙofar kicin, don tsoron gas take, ta ce wutar da ba itace ba gawayi ba ta yarda da ita ba. Daga nan take ba da umarni. Ummi ce idonta: ta surfa a ɗan turmin da nake daka citta, ta kawo mata ta shafa ta ji ko dusa ta fita. Kunun kanwa ta sa aka dama, da yaji da ɗan zaƙi, ta tsare ni sai da na shanye kofi biyu. Daga ranar, duk sanda ta ji na zauna shayarwa sai ta aiko yaro da kofin ruwa. Ba ta sake kai cokali bakin yarinyar ba, ba ta kuma taɓa cewa na yi gaskiya ba.

Ana cikin haka maganar canjin kuɗi ta yi zafi. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka ce daga 31 ga Janairu tsofaffin sun daina aiki, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Inna a rediyo ta ji. Wani dare ta sa aka kira mata yaron nan, ta kwance wani ƙullin zani da ta zo da shi, leda cikin leda, sai ga kuɗi an jera su an ɗaure da tsumma. Na raguna biyu ne da na gyaɗar bana. Ta ce rabi na aikin ido ne, ba ta so a ce komai sai an yi mata. Rabin kuma na likkafaninta ne, ta daɗe tana tarawa. Baban Ummi ya ce, "Haba Inna," ta ce, "Haba me? Akwai wanda zai zauna ne?"

Kwana biyu ya yi yana bin layi a banki kafin ya samu ya zuba su a asusunsa. Ya dawo ta ce ina kuɗin. Ya ɗauko waya ya karanta mata saƙon. Ta karɓi wayar ta jujjuya ta, ta ce, "Na ba ka kuɗi ka kawo mini rubutu."

A farkon Fabrairu jinin ya sauka aka yi aikin. Abin da muka kwana muna fargaba bai kai awa ɗaya ba, ba a ma sa ta barci ba, idon kawai aka kashe. Aka cire abin da ya yi hazo aka sa mata na roba, aka rufe da bandeji, muka dawo gida a ranar. Washegari aka buɗe. Ni na raka ta, kuma na shirya jin wata magana mai sa hawaye. A asibiti dai hamdala kawai take ta yi. Da muka hau bene muka shiga falo, ta cire baƙin tabarau ɗin da aka ba ta, ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce, "Ikon Allah. An cire mini yana a ido, ashe nan ta dawo." Na bi inda take kallo. A kusurwar da ke saman labulen da na wanke, gizo-gizo ya yi saƙarsa son ransa.

Sai ta sa aka kawo mata yara ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallon jaririyar ba ta ce komai ba. Da aka zo kan namijin ta riƙe haɓarsa ta juya fuskar hagu da dama, ta ce, "Ashe maigidan nawa mummuna ne, an cuce ni. A ba ni takardata." Yaron da ya yi mako uku yana gudunta ya dube ta ya ce, "Ke ma ai tsohuwa ce, ba ki da haƙori." Na zabura zan make shi, Inna ta tare ni tana dariya har da riƙe ciki, muna ta roƙonta ta bi a hankali saboda idon. Ta ce, "Ƙyale shi, yau ya zama miji."

Likita ya kafa sharuɗɗa: kar ruwa ya shiga idon, kar ta murza, ban da hayaƙi da ƙura, ban da ɗaukar abu mai nauyi, ga maganin ɗigawa a kan lokaci. Ummi ta karɓi aikin agogo. Ta zana layuka a bayan littafinta na makaranta, ana ɗiga magani ta yi maki. In lokaci ya yi ko Inna na tsakiyar hira sai ta ce, "Kishiya, a kwanta." Namijin kuwa tabarau ɗin ya sa wa ido, sai da ubansa ya sayo masa na roba a bakin titi, suka riƙa zama a baranda su biyu da baƙin gilashi suna ba kaza tsaba. Ɗayar mun yanka, ɗayar ya ce tasa ce.

Wani dare aka ɗauke wuta, wayoyi duk ba caji, yara suka fara ƙorafin katun. Daga cikin duhu Inna ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Ta sake faɗa. Yara ba su san ana amsawa ba. Ni ina kicin ina laluben ashana, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ta zo mu ji ta." Rabona da faɗin wannan tun ina firamare, a tsakar gidanmu a Gwale, wurin tawa kakar. Na bar ashanar na zo na zauna a bakin ƙofa. Ta kawo ta Gizo da Ƙoƙi, tana maƙale murya tana tsamin baki irin na Gizo, namijin har da faɗowa daga kujera. Da ta ce ƙurunƙus suka ce a ƙara, ta ce sai sun ci kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Suka yi ta zuba shirme, daga mai cewa taliya sai mai cewa gashi. Ta ce, "Ku tambayi uwarku, ko da yake ba ta bari a taɓa mata ita." Tsintsiya. Habaicin ya iso inda aka aike shi, na kuwa yi dariya da gaske a wannan karon.

Tsakiyar Fabrairu ta yi wa kowa tsanani, wanda ya zauna a Kano lokacin ya sani. Kuɗinka na banki amma ba ka da na sayen albasa. Mai kayan miya ya ce shi ba ya karɓar tiransifa, wanda yake karɓa kuma sai ka tura ku tsaya kuna kallon waya saƙo ya ƙi shiga. Masu POS in ma sun samu tsabar, sai ka sayi kuɗinka da kuɗi. Ɗan adaidaita ya ce a ba shi a hannu. 'Yar sana'ar da nake yi ta saro atamfa a Kantin Kwari ina tallata wa mata a WhatsApp ta tsaya cak. Ranar da na buɗe firij na ga ba tumatir ba attaruhu, na tsaya ina tunanin abin da zan ɗora, Inna daga kan kujerarta ta ce, "Wai ina daddawata ne? Ko ɓera ya ci?" Ta san inda take. Mai ido ɗaya ta riga ta zaga gidan nan kaf.

Na shiga sito na kwance leda biyun nan a gabanta. Ba ta ce uffan ba. Aka kai gero niƙa da 'yan canjin da suka rage, ta koya mini kaɗa kuka yadda ba za ta yi gudaji ba, a rage wuta, a riƙa barbaɗawa ana burgawa, man shanu kuma sai an sauke. Na tuƙa tuwo ina jiran yara su tura baki. Ummi ta cinye malmala guda ta nemi ƙari, namijin har da suɗe kwano. Shekara nawa ina faɗa wa mutane yarana ba sa cin tuwo. Ashe nawa ne ba sa ci.

Ranar 16 ga Fabrairu da safe Shugaba Buhari ya yi jawabi, ya ce tsohuwar naira 200 ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu. Inna ta ji fassarar a rediyo, ta sa Ummi ta rufe ƙofa, ta ɗaga gefen riga ta kwance lalita daga ƙugunta. 'Yan ɗari bibbiyu ne tsofaffi, sun yi laushi kamar tsumma, har guda sittin da uku, Ummi ce ta ƙirga. Ashe da ta ba da na banki, waɗannan ta riƙe. Ta ce ita ba ta taɓa ganin an zubar da ruwan tulu don an ji tsawa ba. Ta zaro biyar ta miƙa wa yaron, ta ce, "Maigida, tunda ka kasa cefane, ungo, kai wa uwarka. Ni zan ciyar da gidan." Baban Ummi na tsaye da makullin mota da katin banki har uku a aljihu, ya sunkuyar da kai yana dariya. Da kuɗin nan muka yi cefane da kuɗin adaidaitar makaranta har aka yi zaɓen shugaban ƙasa.

Kar a ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Ƙarfe huɗu da rabi take tashi ta kunna rediyo. Tana ɓoye alawa a ƙarƙashin matashi tana ba yara kafin abinci. In ta ga ɗanta ya goya jaririya a kafaɗa yana jijjigawa sai ta kau da kai tana salati. Ta ce Ummi ta isa wanke-wanke, na yarda, na ce namijin ma ya riƙa kwashe kwanuka, ta ce ba a gidanta ba, na ce a raina ai kuwa ba gidanki ba ne. Wannan har ta tafi ba mu daidaita ba. Abin da ya canja shi ne na daina kai mata tire ɗaki. A falo take ci, a tabarma, kwano ɗaya da jikokinta, tana ture wa maigidanta nama tana cewa kishiya ta ci ƙashi.

A farkon Maris likita ya duba ya ce ido ya yi kyau, ɗayan sai a sa rana nan gaba. Ta ce azumi ya matso, awakinta na hannun mutane, ita tafiya za ta yi. Daren da za ta tafi tana ɗaure kaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da za ki ba ni maigidan nan mu je ya yi mini azumi." Gabana ya faɗi. Na fara in'ina, makaranta, allurar rigakafi, sauro. Ta ce, "Wasa nake, 'yar nan." Har yau ina jin ba wasa take ba.

A madadin haka ta ce ta ba shi akuya, ja mai farin goshi, tana can tana jiransa. Ya yi kuka a 'Yankaba har da birgima. Gwangwanin daddawa ta bar mini shi, yanzu a kan kanta yake kusa da gishiri, in ya ƙare in aika a ciko.

Bayan Babbar Sallah ƙanin Baban Ummi ya kira daga ƙauye ya ce Inna na son magana da maigidanta. Na sa a lasifika. Ta ce masa akuyarsa ta haihu, 'ya'ya biyu, mace da namiji, yaushe zai zo ya gani? Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce ta ba Baffa ya yi masa tiransifa ɗin namijin ta wayar Mami, macen ta riƙe ta yi cefane.